Ƙofar Sito Ta Sauka

"Kashe idanun nan, Injiniya," in ji Oga, shugaban 'yan fashin, yana nuna kyamarorin da ke saman ƙofar sito.

Rana tsaka ce, ranar hutu, layin kamfanonin tsit. Injiniyar tana zaune a kujerar baya ta motar kaya, Dogo, yaron Oga, ya cusa mata bakin bindiga a haƙarƙari. Ita ta haɗa wa wannan siton magunguna na'urarsa. Ka kira ta a waya, ka sa lambar sirri, sai ka kunna ko ka kashe duk abin da ke cin wuta a ginin. Lambar a kanta take.

Ta danna. Jar fitilar kyamara ta mutu. Ta kashe ƙararrawa, ta ɗaga ƙofar ƙarfen. Ba ta gaya musu cewa duk layin wutar da aka kashe sai na'urar ta tura wa manaja saƙo ba. Ba su tambaya ba.

Yayanta ne direbansu. Bakinsa ya jawo mata wannan. Duk inda ya zauna sai ya yi fariya da ita: ƙanwarsa daga kan gado take kashe wutar kamfani guda. Ya faɗa a gaban Oga, Oga kuma bai yi dariya ba.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri," ya ce yanzu, idonsa a ƙasa. "Ba wanda zai taɓa ki."

"Wuce ka yi dakonka, Yaya."

Oga ya shige ciki. Yaya ya yi ta jido kwalaye, motar ta kusa cika. Da ya sake komawa, Dogo ya matso da bakinsa kunnenta.

"Sauke ƙofar nan. Ki yanke mata wuta."

"Oganka na ciki."

"Shi ya sa. Na gaji da cin saura."

"Yayana ma na ciki."

"Wannan surutaccen? Taimakon ki zan yi."

Ta kife wayar a cinya. Ya kwaɗa mata mari, ta ji gishirin jini a baki, ta dube shi ido cikin ido. Ya kama ɗan yatsanta ya lanƙwasa baya, a hankali, har ya yi ƙas. Ba ta ba shi ihun da yake jira ba. Ta cije gefen mayafinta.

"Sauran ma karya su," ta ce. "Sai ka danna da naka bokon."

Dogo ya yi murmushi. Ya ɗauke bindigar daga jikinta, ya ɗora ta a kan tagar motar, saitin bakin sito.

"To shi ke nan, 'yar makaranta. Yana leƙowa da kwali zan fasa masa kai. Ko ki rufe shi da rai, ko ya fito gawa. Zaɓi."

Can nesa, jiniya. Manaja ya ga saƙo.

Daga duhun siton ta hango farar rigar Yaya tana tahowa, kwali a ka. Ta yi lissafi da sauri: in ya fito, harsashi, in yana ciki, ankwa ce kawai. Fursuna ana kai masa ziyara.

Ta danna da hannun hagu.

Ƙofar ta fara sauka—gir-gir-gir. Yaya ya tsaya cak. Ta ga ƙirjinsa, ta ga gwiwoyinsa, ta ga takalminsa. Ƙarfe ya daki siminti. Ta yanke wutar.

"Ni za ku yi wa haka?" Muryar Oga ce daga ciki. "Kai da ƙanwarka kuka shirya?"

"Wallahi Oga ban—"

Tau!

Harbi guda ɗaya tak, daga bindigar Oga. Abin da ba ta saka a lissafinta ba ke nan.

Dogo ya hankaɗo ta kan kwalta, ya haye gaba, ya fizgi motar. Bai kai mararraba ba. Ta ji ƙarar birki, ta ji ruwan harsashi, sannan shiru.

'Yan sanda suka zagaye siton. Sufeto ya ce a nemo injin yanka ƙarfe.

"Ba sai an yanka ba," ta ce, tana miƙewa da ƙyar. "Ni na haɗa ta."

Ta mayar da wuta, ƙofar ta ɗaga. Oga ya fito hannu sama. Yaya na kwance dab da bakin ƙofar, kwalaben magani sun tarwatse a gefensa. Ta durƙusa, ta rufe masa ido. Wani kurtu ya zo zai ɗaga ta, ta kalle shi, ya ja baya.

Wayar ta yi ruri a hannunta. Mama.

"Ke, tankin gidan nan ya ƙafe, ni kuma lambobin nan naki sun fi ƙarfina. Kunna mini famfo. In kin ga yayanki ki ce ya biyo, ƙofar kicin ta sake ɓallewa."

Ta ce, "To, Mama." Ta kira na'urar gida, ta kunna famfon, sannan ta sake kiran Mama. Tana jin ruwa na zuba a tanki ta cikin wayar.

"Ya kawo, Allah ya yi miki albarka."

"Mama," ta ce, "nemi kujera ki zauna tukuna."