Hitar Gidan Ustaz Fikri

Da jiƙaƙƙen gashi Nashwa ta buɗe ƙofa, mayafi a karkace, kanta na sarawa. Sau uku ke nan cikin mako guda tana fitowa daga wanka jiri na ɗibarta. Saurayin da ya hawo bene hawa huɗu da akwatin kayan aiki ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Hazim ne, mai gyaran hitar ruwan wanka. Ke kika kira?"

Ya shiga banɗaki ya kunna tsohuwar hitar gas ɗin. Wutar ta tashi ruwan ɗorawa, tana tari kamar tsohon mashayin taba. Ya yi maza ya kashe, ya wangale taga.

"Wannan ba gyara take so ba, jana'iza take so. Bututun hayaƙin ya cinye. Iskar da take fitarwa ba ta wari, amma tana kisa."

Mahaifinta Ustaz Fikri, tsohon malamin lissafi, ya ajiye jarida. "Shekara talatin tana ba mu ruwan zafi a Iskandariyar nan. Marigayiya matata ce ta zaɓe ta. Kai yaushe aka haife ka?"

"Ta girme ni, Baba. Shi ya sa nake girmama ta, amma ba zan kunna ta ba."

Nashwa ta danne dariya. Ya rufe kan gas ɗin ya tafi, ko shayi bai tsaya sha ba. Bayan la'asar saƙo ya shigo.

"Don Allah ki riƙa dafa ruwa a tukunya. Ya jirin?"

"Da sauƙi. Duk wanda ka yi wa aiki haka kake bibiyarsa?"

"A'a. Masu karkataccen mayafi kawai."

Daga ranar zama ya gagare ta. Ta leƙa baranda, ta dawo, ta duba waya, ta ƙona shinkafa. Shi yana ce mata "Ƴar hawa huɗu", ita tana ce masa "Sarkin hayaƙi". Da wata biyu suka cika, ya sa riga mai guga ya zo neman izini.

"Ƴata mai digiri zan ba mai kwance bututu?" in ji Ustaz Fikri. "Ga Basim ɗan ƙanwata, mai kantin magani. Sauka lafiya."

Kwana uku bayan nan Basim ya iso da sabuwar hita a kwali, har da jan ƙyalle a ɗaure. Mai gadin gidan, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya tare Hazim a titi ya ce masa kayan ango ne. Shi ke nan saƙo ya ɗauke.

"Sarkin hayaƙi, lafiya?"

Ta sake tura wani.

"Ko laifi na yi, ai a faɗa mini."

Kwana tara tana juya waya a hannu. Kwalin kuwa yana jingine a falo, Ustaz ya hana a taɓa. Don ya burge kawunsa, Basim ya buɗe kan gas ɗin tsohuwar. "Lafiyarta lau, Kawu. Masu gyara ai ba su rasa abin faɗa."

Ranar Juma'a da hantsi Ustaz ya shiga wanka. Nashwa ta ji ruwa na ta zuba, ba motsi. Ta buga ƙofa, ta kira Baba har muryarta ta dushe. Ta danna lambar da ta rantse ta daina kira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Rufe gas, buɗe tagogi, ki kira maƙwabta su ɓalle ƙofar. Ga ni nan!"

A bayansa ya goyo tsohon ya sauko da shi hawa huɗu, har takalmi ɗaya ya yar a hanya. A barandar asibiti, bayan likita ya ce an tsallake, ta juyo masa da jajayen idanu.

"Kwana tara, Hazim?"

"An ce mini an sa ranarki."

"Wa ya ce?"

"Mai gadi."

"Mai gadi ne waliyyina?"

Ya yi murmushi. "Na tuba, hasken idona."

Da aka sallami Ustaz, shi da bakinsa ya ce a cire tsohuwar hitar. Ya zauna a kujera yana kallon Hazim na kwance kusoshin a hankali, ya goge tsatsar, ya naɗe ta cikin tsohon bargo kafin ya ɗaura sabuwa ya fitar da bututunta waje. Tsohon ya share ido da gefen hannun riga.

"Mahaifinka na da rai?"

"Yana nan, Baba."

"Ka ce ya zo ranar Alhamis. Ya zo da yunwarsa, kifi za a gasa."

A falon nan aka karanta Fatihar baiko, maƙwabta suka rangaɗa guɗa, jan lemon sharbat ya zagaya har ƙasan bene. Da sanyi ya wuce aka ɗaura aure. Ustaz Fikri ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Na so in yi gardama da Allah, ya nuna mini iyakata. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da kakansu."

Ɗakin ya ɗauki dariya da amin. Nashwa ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannun mijinta.