Waya a Ƙarƙashin Kujera

"Wa kake ɗauka a motar nan ban da ni?"

Doguwa ce ta yi tambayar, tana durƙushe a bakin ƙofar motar, ko kallonsa ba ta yi ba.

Mai Jar Mota ya yi dariya. "Haba 'yar lantarkina... kujera biyu ce fa gaba ɗaya. Ɗaya tawa, ɗaya taki."

"Ka tabbata?"

"Babu kowa sai ke."

Ta ce to.

Ku tsaya in warware muku, ni ba na son labari a dunƙule. Garejin ubanta yana kallon tagar ɗakina, abin da idona bai gani ba kunnena ya tsinto. Uban mai gyaran wayarin mota ne. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya koya wa 'yarsa sana'ar, har ta fi shi ido. Tsawonta kuwa, sai ta sunkuya take shiga ƙofar ofishin garejin.

Wata uku kafin wannan rana saurayin ya shigo da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda in ka zauna a ciki kamar a ƙasa kake. Cutarta ɗaya. Ana cikin tafiya sai fitilun dashbod su mutu, gilashi ya ƙi sauka, rediyo ya yi gum. A buɗe akwatin fiyus, a tarar ɗan shuɗin nan mai lamba sha biyar ya ƙone. A sa sabo, a yi 'yan kwanaki lafiya, ya sake ƙonewa. A gareji kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba. Irin ciwon da ke ɓuya in ya ga likita.

A fiyus na uku gaisuwarsu ta fara tsawo.

A na shida ya raɗa mata 'yar lantarkina.

A na tara ya ce aure yake so.

Ubanta ya goge hannu da tsumma ya ce, "Uwata, wanda ya sayi motar da ba ta ɗaukar mutum uku bai shirya iyali ba. Ina zai sa jariri? A but?"

Can gidansu ma ba a yi murna ba. An ce Ummansa ta ce ba za ta ci abinci daga hannun da farcensa ke cike da baƙin mai ba.

To, ranar fiyus na sha ɗaya Doguwa ta rantse sai ta ga ƙarshen abin. Ta cire fiyus ɗin ta jona kwan fitila a gurbinsa, kamar yadda ubanta ya koya mata: duk inda waya ta taɓa ƙarfen mota, kwan zai haska tar. Ta bi wayoyi tana girgizawa ɗaya bayan ɗaya, na jikin ƙofa, na ƙarƙashin sitiyari, na cikin but. Shiru. Sai wani ɗan noti ya gangara ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Ta ja kujerar gaba har ƙarshe, ta ɗora gwiwa a kai don ta miƙa hannu.

Kwan ya haska.

Ta mayar da kujerar baya, ya dushe. Ta sake jawowa ta danna, ya sake haskawa.

Ta ɗaga kafet. Ga wata waya nan da mai motar na farko ya ja zuwa sifikun rediyo na baya, ƙarfen da kujera ke gudu a kai ya goge ta har jan cikinta ya fito. Ba ta taɓa ƙarfe sai an ja kujerar gaba an zauna.

Ita kuwa Doguwa kullum baya take tura kujerar, in ba haka ba gwiwarta ba ta da wurin zama. Kuma kullum a baya take tarar da ita. Ke nan akwai wata gajeriya da ke zama a wurin, akwai kuma mai gyara kujera bayan ta sauka.

Shi ya sa ta yi masa tambayar nan. Da ya tafi sayo ruwa, ta zagaya shagon maƙwabta wurin ƙawarta 'Yar Shago, mai sayar da kayan mota, wadda tun ranar farko idonta ke kan jar motar da mai ita.

"Kin gyara?"

"Yanzu zan gyara."

"Ke dai shashasha ce. Allah ya ba ki ɗan rahoto kyauta, ki kashe shi? Bar ta haka. Duk ranar da ya ƙone kin san an hau miki kujera. Ni ma fa na taɓa hango wata guntuwa a ciki, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tausayinki ne ya hana ni faɗa."

Doguwa ta koma ta shimfiɗa kafet a kan wayar, ta sa sabon fiyus.

"Kin samo, Uwata?" in ji ubanta.

"Tukuna, Baba."

Litinin ya ƙone. Alhamis ya ƙone. Wata Litinin ɗin ma haka. Ta canza masa tana murmushi, ta zagaya bayan matattun motoci ta yi kuka ta wanke fuska.

"Ina ka je yau?"

"Wurin aiki mana."

"Kai kaɗai?"

"Wai me ya same ki ne, sanyin idona? Kullum sai tuhuma kamar na shiga ofishin 'yan sanda."

Yarinya ta rame, ta koma kamar sandar sharar yana. Shi ma ya gaji da tambaya, sai ya zagaya ta baya ya shiga shago ya sayi fiyus da kansa. 'Yar Shago ta miƙo masa wani ƙato mai lamba arba'in.

"Sa wannan, yallaɓai. Ba ya ƙonewa. Ka huta da bincike."

Ba zan ɗauki alhakinta ba, ban ce ta nufi sharri har can ba. Sayarwa ta iya. Ba ta san fiyus an yi shi ne don ya mutu mota ta rayu ba.

Mako biyu bai kawo ƙonanne ba. Doguwa har ta fara cin abinci, a zatonta ya rabu da guntuwar.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka jawo jar motar da igiya. Gefen mai zaman banza ya zama gawayi. Direban da ya jawo ta ya ce hayaƙi ne ya taso daga ƙasan kujera, kafet ya kama, saurayin ya ciro wata dattijuwa da hannunsa, duk suna asibiti.

Uban ya leƙa akwati ya zaro ƙaton fiyus ɗin, lafiyarsa ƙalau. Ya bi narkakkiyar wayar da yatsa har ƙarƙashin kujera. Ya daɗe a sunkuye.

"Tun na sha ɗaya kika daina nema, Uwata. Ina lura da ke. Mai gyara ba ya daina nema sai in ya samu."

Ta ɗauki mayafinta.

A barandar asibiti ta same shi a kan benci, hannayensa biyu naɗe da bandeji har gwiwar hannu.

"Umma ce," ya ce. "Litinin da Alhamis nake kai ta wankin ƙoda. Ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, ba ta son a riƙa yi mata kallon tausayi. Takan ja kujerar gaba don ƙafarta ta sami wurin tokarewa. Ni nake mayarwa don kar ki tambaya."

"Jikin nata fa?"

"Ƙafafunta ne. Likita ya ce mai irin ciwonta ba ta warkewa da wuri... in ma ta warke." Ya dubi bandejin hannunsa. "Kin san me take ce mini kafin hayaƙin? Wai in kawo mata mai baƙin farcen nan ta gan ta."

Doguwa ta rufe fuska da mayafi.

"Kar ki yi kuka, 'yar lantarkina. Laifina ne, ni na sa babban fiyus. Ke kin yi iya ƙoƙarinki, wata huɗu kina nema."

Wallahi da ni ce da na ja bakina na ɗinke. Uban ba zai tona ta ba, 'Yar Shago kuwa tata ta ishe ta. Amma yarinyar nan ba ta gaji wayona ba.

"Na samo ta," ta ce.

"Me?"

"Wayar. Ranar da na tambaye ka wa kake ɗauka. Na bar ta ne don in riƙa sanin ranar da aka hau."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Masu jinya na ta wucewa da kwanuka da fulas.

"Gyaran... minti nawa ne?"

"Biyar."

"Da me?"

"Salatif. Sai a ɗaure ta gefe."

Ya kaɗa kai a hankali. Ya miƙe ya nufi ɗakin da Ummansa take. Ƙofar mai mariƙi ce, hannun nan ba zai iya murɗawa ba. Doguwa ta yi sauri ta miƙa nata.

"Bari," ya ce.

Haka ya tsaya ya ba ta baya, yana jira, har wata nas ta zo ta buɗe masa. Ya shiga, ya tura ƙofar da kafaɗa. Wannan ce kalma ta ƙarshe da ta ji daga bakinsa.