Gadon da Ke Cikin Waƙar Sugandha

A wajen cin abincin bikin abokinsa, a wani ƙauye kusa da Gorakhpur a ƙasar Indiya, Brijesh ya fara ganin Sugandha. Maza na zaune a layi, matan gidan amarya suna yi musu waƙar zambo ta batsa kamar yadda aka saba. Matan aure ne ke bayarwa, amma ranar muryar kakarta ta dishe, sai Sugandha ta karɓa. Ta nuna shi da ludayi:

"Mai ɗan gashin baki, me kake rawar sanyi? Gadona na da faɗi, bargona ɗaya ne."

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya ƙware da shinkafa.

Kwana uku ya samo lambarta.

"Sarauniya, da gaske kike?"

"Waƙar kakata ce. Maza ɗari ta rera wa."

"Amma ni kika nuna."

"Kai ne ka fi kama da mai jin sanyi, ɗan fari."

Wata huɗu suna haka. Wani mai shagon waya, Lallan, wanda ta taɓa ƙi, ya tura wa mahaifin Brijesh bidiyon waƙar. Tsohon, malamin makaranta ne mai ritaya, ya kalla har sau biyu, wai don ya tabbatar.

"Budurwa ta san faɗin gado? A ina ta auna? Ba za ta shigo gidan nan ba."

"Babuji, al'ada ce fa," Brijesh ya ce wa mahaifin nasa.

"Ta matan aure!"

Brijesh ya daina cin abinci. Sugandha ta rubuto: "In baki ne laifina, ka bar ni." Ta yi kuka sosai.

Rana ta biyar uwarsa na murza gurasar chapati, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baban Brijesh, a bikin yayata wa ta rera maka wadda ta fi wannan?"

Tsohon ya gyara tabarau.

Ta ci gaba: "Shekarata sha tara, ban san komai ba. Kai dai na gani na so. Ka ƙi ni?"

Ya naɗe jarida, ya tambayi sunan mahaifin yarinyar.

Bayan damina aka ɗaura musu aure, suka zagaya wuta sau bakwai bisa al'ada. Sugandha ta sunkuya ta taɓa ƙafar surukinta don neman albarka. Ya dafa kanta.

"Ubangiji ya raya ku. Tashi, 'yata, gidanki ne."