Fuloti a Tsakiyar Filin Jirgi

Ci gaba ba ya cutar da kowa. Alhaji Shu'aibu ne ya faɗa, kuma mai shaguna daga Garwa har kan iyaka ba ya kuskure.

A bayan garinsu, kusa da Mayo-Oulo, akwai ɗan filin jirgi na ciyawa da ake kira piste. Shanu na kiwo a kai, mata na shanya barkono, masu hali na koya wa 'ya'yansu mota. Jirgi ma yakan sauka, idan an ba shi hanya.

Wata rana Taufiƙ, matuƙin ƙaramin jirgin da ke kai marasa lafiya Garwa, ya yi ƙasa-ƙasa don ya kori shanu kamar yadda aka saba. Shanu suka watse, wata farar mota ta ƙi motsi. Sai da ya sha zagaye kafin ya samu gefe ya sauka, ya nufi motar ransa a ɓace.

"Malama, nan ba makarantar tuƙi ba ce."

"Ni ma ba saniya ba ce," in ji Khaula, 'yar Alhaji Shu'aibu. "Mota ce ta mutu. Ka iya turi?"

Ashe ya iya. Kafin damina ta tsaya, wayoyinsu sun daina hutawa.

"Direbata, yau na hango rufin gidanku. Sai da na rage gudu."

"Mai shawagi, ka riƙa duban gabanka. Da ranka nake sonka."

Alhaji bai yi murna ba. "Wanda ƙafarsa ba ta ƙasa, da me zai riƙe iyali?" Shi Mahfuzu ya fi so, mai awon filaye na mairie, wato ofishin magajin gari, wanda ya riga ya auna masa piste ya yanka ta fuloti-fuloti a takarda. Abu ɗaya ya tsayar da cinikin, ƙorafin da Taufiƙ ya shigar a mairie kan yanka filin jirgin.

Mahfuzu, wanda ba awon ƙasa kaɗai ya iya ba, ya raɗa wa Khaula cewa wata Rosalie na kiran Taufiƙ ba dare ba rana. Khaula ta daina amsa saƙo. Taufiƙ ya rame, ya yi rantsuwa har ya gaji, ƙarshe ya ce ta zo piste ta gani da idonta.

Ta zo, ta tarar da Rosalie, dattijuwar nas daga asibitin kan dutse, tana tallabe da wata mai naƙuda da jini ya ɓalle mata.

"Riƙe mini ledar ƙarin ruwan nan, ma fille, ɗaga sama, 'yata!"

Khaula ta riƙe. "Mama, da babu jirgi fa?"

"Da damina? Mota da addu'a."

Tun daga ranar ta shaida wa mahaifinta cewa in ba Taufiƙ ba, babu kowa. Alhaji ya amince, har ya haɗa da kyauta: fuloti guda, ango ya gina wa amarya gida. Fulotin ya faɗo daidai tsakiyar piste.

"Baba, ko a ɗan matsar da shi gefe..." in ji Taufiƙ.

"Kyautata ka raina, ko 'yata?"

Taufiƙ ya kasa cin abinci. Saƙon Khaula ya shigo.

"Na ga abin da na gani, ba zan ce ka janye ƙorafin ba. Amma Baba ya ce Mahfuzu na jira. Ina tsoro, mai shawagi."

Ya mayar mata da amsa. "Kwantar da hankalinki, Direbata. Na karɓi fulotin, na janye ƙorafin."

A kan piste aka kafa rumfunan biki, don babu fili mai faɗinsa a garin. Liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, jama'a suka shafa. Khaula ta yi kyau, kuma a idon Taufiƙ kowa ya ga so, wannan kam ba ƙarya. Alhaji ya yi jawabi a kan ci gaba, aka tafa.

Ana cikin rabon abinci saƙo ya shigo wayar ango.

"Félicitations, ɗana. Allah ya ba da zaman lafiya. Ka gaishe mini da amarya."

Rosalie ce ta turo shi daga bayan wata a-kori-kura da ta kafe a taɓo a hanyar Garwa. Ta mayar da wayar aljihu, ta sauya hannun da ke riƙe da ledar ruwan, ta ce wa matar da ke kwance ta yi haƙuri, an kusa.