Shingen Ƙaya a Lambun Ɗanmalam

Da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Garwa. Wani baƙo daga Yawunde, Barthélemy, ya kafa tanti a lambun mangwaro a bakin Binuwai, dorina ta tattake shi har lahira.

"Hatsari ne," in ji kwamishina. "Dorina ba ta zuwa kotu."

Sufeto Émile ya hau babur ya tafi shi kaɗai. Ba mai jiransa a gida balle ya yi saurin dawowa.

Tantin na kwance a tsakiyar hanyar da dorina ke bi in ta fito kiwo. A jakar mamacin akwai igiyar awo da turaku masu jan fenti.

Émile ya sami Lukmanu, direban da ya kawo baƙon, a tashar Pitowa.

"Me ya kawo shi?"

"Shan iska, yallaɓai."

"Da turakun awo?"

Lukmanu ya sosa ƙeya. "'Ya'yan mai lambun ne suka sayar da wurin daga Duwala. Otel za a gina, shi aka turo ya auna. Na bar shi suna shan shayi da tsohon, uban nasu, Ɗanmalam."

Ɗanmalam na zaune a ƙofar bukkarsa, hannuwansa cikin riga.

"Ban ga wani baƙo ba, yallaɓai."

"Baba, duk mai lambu a kogin nan yana toshe hanyar dorina da ƙaya. Taka na gan ta a gefe, an jere ta tsaf. Dorina ce ta jere?"

Émile ya nuna rigar tsohon.

"Mu ga hannuwanka."

Tsohon ya fito da su. Duk karcen ƙaya ne, bai ma bushe ba.

"Na ba shi tabarma, na ba shi shayi," in ji shi. "Ya sha, ya tashi ya buga turke a kan kabarin matata Saudatu, ya ce nan za a haƙa wurin iyo. Shi ya zaɓi inda zai kwana, wai ya fi kyau a hoto. Ban ce masa komai ba. Da magariba na janye ƙayar."

Émile bai ciro ankwa ba. Ya nuna masa bayan babur. Ba wanda ya fito kallo, don ba kowa a wurin.

"Akwai wanda za a sanar?" in ji Émile.

Ɗanmalam ya tattara rigarsa ya hau.

"'Ya'yana. Ka ce musu lambun ba kowa yanzu. Su zo su auna."