Igiya a Cikin Inji

Ku kashe wayar nan. Kai Habu, da kai nake. In ka san za ka jiƙa tabarma, tashi tun yanzu ka tafi wurin Inna. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka babu ga ta nan, babu ta zo mu ji ta. Rabi idona ne ya gani. Rabin kuma daga bakin mai shi na ji.

Farkon aurena muna haya a Haɗeja. Ɗakina na kallon na wata malamar firamare, Malama Zulai. Ni nake yi wa 'yarta kitso. Rumasa'u sunanta, muna ce mata Ruma, 'yar shekara shida, mai gashi har kafaɗa. Uban, Malam Shu'aibu, malamin gona ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mako ya zagayo an kai shi makwanci. Ya bar mata yarinya da wata tsohuwar mota fara.

Malama ba ta yi kuka ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinta. Ni da nake ganinta safe da yamma na san ba tawakkali ba ne. Babu kowa ne a cikin jikin. A ba ta abinci ta ci. A manta da ita, ba za ta tambaya ba. Dangin miji suka ce za su tafi da Ruma ƙauye har ta fita takaba. Ta ce to. Motar kuma ta zauna ƙarƙashin darbejiya, kaji suka mai da ita gida.

Ba ta daɗe da fita takaba ba, wata Alhamis da yamma, aka bugo mata waya. Baffan yarinyar, Ɗanlami, zai tafi da Ruma Fatakwal gobe in an sauko Juma'a. Matarsa za ta riƙe ta. Ba shawara ake nema ba, labari ake ba ta. Ta ajiye wayar a hankali. Ta aika a kirawo Isiya bakanike ya ta da motar.

Isiya ya sa batir, ya zuba mai, motar ta yi tari ta tashi. Sai ya kashe. Ya kwance wani baƙin murfi a gefen injin, ya leƙa.

"Malama, zo ki gani."

Ta zo. Wani bel ne mai haƙora, a ɓoye can ciki.

"Taimin bel ke nan. Yaushe marigayi ya canza shi?"

"Ban sani ba."

"Mitar da ke ƙirga tafiya fa?"

"A mace aka sayo ta."

Ya goga babban yatsa a jikin bel ɗin. Duk ya tsattsage kamar faso.

"Roba ce, Malama. Ko ba a tafiya tana tsufa. Fanbel, wancan na waje, in zai mutu kuka yake yi, ki ji ki tsaya. Wannan ba ya gaya wa kowa."

"Canza shi."

"Babu irinsa a garin nan. Sai na aika Kano. Asabar."

"Gobe za a tafi da ita."

"Ki shiga ta haya."

"Sai ranar kasuwa take shiga ƙauyen."

Isiya ya share hannu da tsumma. "To, don Allah kada ki tafi ke kaɗai."

Ta ce to. Da hantsi na fito da bokiti, babu mota a ƙarƙashin darbejiya. Ita kaɗai ta tafi.

Ku kuna tsammanin dare ne kawai na mutanen ɓoye. Wa ya gaya muku? Ku ji tsoron tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Balle ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, hanya ta zama ba mai ita.

Ta bar kwalta ta shiga burji. Ta bar burji ta shiga yashi. Akwai wani kwari a hanyar, goruba ce kawai hagu da dama. Tana tsakiyarsa injin ya ɗauke. Babu ƙara, babu hayaƙi. Motar ta ɗan gangara ta tsaya.

Ta murɗa makulli. Ya yi wani irin juyi na banza, ba nauyi. Ta sake. Ta duba waya, babu sabis. Ta ɗora hannu biyu a kan sitiyari ta zauna. Ta ce mini ko tsoro ba ta ji ba. Ta dai san an kusa tayar da salla, kuma in an sallame shi ke nan.

Sai ta ji wani sauti. Shuu. Shuu. Kamar ana goga tafin hannu.

Wani tsoho ne a gindin goruba. Ya miƙe ƙafa ɗaya, ya maƙale igiya a babban yatsa, yana tufka da kaba. Ta rantse ba ya wurin lokacin da ta tsaya. Yana ta tufka, amma igiyar ba ta taruwa a gefensa. Bayan yatsan, cikin yashi take shiga.

Bai yi sallama ba. Bai ɗago ba.

"Zulai."

Duk duniya Malama ake ce mata. Mutum ɗaya ne ke kiran sunan haka, da ɗan jan ƙarshe. Kuma muryar tasa ce. Bakin tsoho ne, ba haƙori, amma muryar Malam Shu'aibu ce ke fitowa, har da ɗan kaushin nan na mai yawan shan iska a babur.

Ku da a ce ku ne, da kun yi ta a'uziyya. Ita ko bisimilla ba ta yi ba.

"Na'am," ta ce.

"Buɗe bonet."

Ta buɗe. Ya taso. Tana kallon yashin da ya taka, babu sawu.

"Kina da 'ya?"

"Ina da."

"Tana da gashi?"

"Tana da."

"To."

Ba sifana, ba komai. Ya cusa hannu har gwiwar hannu a inda ko yatsa ba ya shiga. Ya daɗe. Ya zaro hannun a bushe, ko ɗigon baƙin mai babu. Ya rufe bonet da kansa.

"Tayar."

Bugu ɗaya ta tashi.

"Kada ki bari a buɗe," in ji shi. Ya koma gindin goruba ya ci gaba da tufkarsa.

Ta ja mota. Ba ta waiwaya ba. Ba ta yi nisa ba ta fara jin wani abu a cikin rurin injin. Gyaran murya. Sai kuma, a hankali, "Zulai, rage gudu, akwai rami." Haka yake ce mata lokacin da yake koya mata tuƙi. Ta rage. Akwai ramin.

Ta isa ƙauye mutane na dawowa daga masallaci. An riga an ɗaure kayan Ruma a leda. Ɗanlami ya fara faɗa, kakar yarinyar ta fara kuka. Malama ta kalle su. Ta kama hannun 'yarta, ta sa ta a mota, ta juya. Sun ce kallon da ta yi musu ne ya hana kowa matsowa.

Asabar Isiya ya zo da sabon bel a kwali.

"Ga shi ya iso, Malama."

"Bar shi tukuna."

"Wallahi sa'a kika taka. Sa'a kuwa ba ta zuwa kullum."

"Na ji. Bar shi."

Ya ajiye mata kwalin a bakin taga ya tafi yana girgiza kai.

Daga nan sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Kullum bayan asuba ta fito, ta shiga mota, ta tayar, ta rufe gilas. Ba ta zuwa ko'ina. Ni inji kawai nake ji, don Allah na gani ban taɓa jin murya ba. Amma ina ganin fuskarta. Nan ne kawai take yin kama da mai rai. Daga baya ta gaya mini ba wata babbar magana yake yi ba. "Ina kika ajiye mini hula?" "An sayo gas?" "Miyar jiya ta yi gishiri." Shi ke nan. Don wannan take ƙona mai.

Na tausaya mata, na ƙyale ta. Wa zai hana mai ƙishi ruwan gulbi?

Ranar da na zaunar da Ruma zan yi mata kitso na ga abin. Gashin ƙeya ya ragu. Na ce ko makero ne, na shafa mata man darbejiya. Mako na gaba kalba biyu ta gagara kamuwa. Abin da ya tsaya mini a rai, babu gashi a matajin. Na duba matashinta, babu. Na duba inda take wanka, babu. Gashi yana tafiya, amma ba ya faɗuwa a ko'ina.

"Malama, kan yarinyar nan fa."

Ta kalli kan. "Zan kai ta asibiti."

Ta kai ta. Aka ba su magani. Gashi ya ci gaba da tafiya. Yarinyar ta daina wasan langa da 'yan gidan, ta daina rigimar alawa. A ba ta abinci ta ci. A manta da ita, ba za ta tambaya ba. Isiya ya biyo sau biyu, kwalin na nan a taga har rana ta kashe masa launi.

Bilki, saki zanena, za ki yaga.

Wata rana da tsakar rana muna tsakar gida, ni ina tsince shinkafa, Malama na zaune kawai. Sai muka ji. Shuu. Shuu. Na ga ta ɗago kai, abin da ba ta yi. Ta tashi ba takalmi. Na bi ta.

Ruma ce a jikin tayar motar. Ta miƙe ƙafa ɗaya. Ta cire ɗankwali. Tana goga tafin hannu, wani siririn baƙin abu na fita tsakaninsu, ya bi ta babban yatsanta, ya shige ƙarƙashin mota.

"Ruma, me kike yi?"

Ba ta ɗago ba. "Baba ne ya ce in taya shi. Wai igiyar ta kusa ƙarewa."

Ni na fasa salati. Malama ta sunkuya ta ɗauki yarinyar ta miƙo mini.

"Shiga da ita. Ki aika a kira Isiya."

Na shiga, amma ta labule ina leƙe. Ta buɗe motar ta zauna. Ta daɗe da makulli a hannu. Sannan ta tayar. Na ga ta kwantar da kai a jikin sitiyari. Abin da ya ce mata, ita ta faɗa mini.

"Zulai, me kike gaggawa? Bari sai bayan Salla."

Ta ce yana raye haka yake cewa a kan komai, daga gyaran rufi har zuwa asibiti.

"Shu'aibu," ta ce.

"Na'am. Saurara, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da..."

Ta murɗe makullin.

Isiya ya zo da sifanoninsa. Ya kwance murfin, ya ja da baya har ya taka kaza. Babu roba a wurin. Igiya ce baƙa, siririyar tufka, mai santsin man kitso, ta zagaye komai daram. Ya ce shi ba zai taɓa ba sai an kira liman. Liman ya zo ya yi karatu a kai. Isiya ya sa wuƙa. Ya ce da ɗumi ya ji ta, kamar kan mutum. Aka naɗe ta a ƙyalle, liman ya tafi da ita, bai faɗi inda ya kai ta ba.

Isiya ya sa sabon bel. Ya ce ta tayar. Ta tayar. Ta karkata kai tana sauraro, ta daɗe.

"Ya yi daidai, Malama?"

"Ya yi."

Ta kashe, ta shigo ɗakina. Ruma na zaune a bakin gado da ɗankwali a hannu.

"Umma, Baba ya tafi?"

"Ya tafi."

"Bai yi mini sallama ba."

"Ni na kashe."

Yarinyar ta fashe da kuka, irin kukan da rabona da ji tun kafin a kai ta ƙauye. Malama ta zauna kusa da ita, ta ɗaura mata ɗankwalin. Idonta a bushe. Da kukan ya lafa ta tambaye ta ko za ta ci shinkafa.

Gashin ya dawo, ban da wuri ɗaya a ƙeya, faɗin babban yatsa. Har muka bar gidan ina kewaye shi in ina mata kitso.

Don haka ku ji da kyau. In Allah ya sa kun bi ta kwarin nan na goruba, kada ku bi ku kaɗai, kada ku bi rana tsaka. In kuma kuka ji muryar wanda kuka binne ta kira sunanku, ko da daɗinta ya kai ina, kada ku ce na'am.

Ku tashi ku yi addu'ar barci. Habu, raka Bilki ta zaga, ka tsaya mata a bakin ƙofa.