Manajan Da Ya Koyi Tambaya

Ranar da Nababa ya kama aikin manaja a wani kamfanin casar shinkafa da ke hanyar Doma, cikin 1987, Sabuwa mai buga tafireta ya fara gani. Ta ɗago ta gaishe shi, ya amsa, sai ya manta abin da ya shigo nema.

Cikin mako uku ya rubuta takardun tuhuma shida. Sabuwa ce ke buga su, abin kuwa yana ɗaure mata kai: mutum mai taushin murya idan yana magana da ita, me ke mayar da shi haka a gaban ma'aikata?

Ta bakwai ta Malam Kalilu ce, dattijon da ke kula da injina. Ya kashe inji awa biyu ba izini, Nababa ya yi masa tsawa a gaban kowa. Sabuwa ta buga takardar, ta maƙala wata 'yar ƙarama a kai:

"Ranka ya daɗe, na buga. Amma ka tambaye shi dalili? Kuma cikin ma'aikatanka arba'in, mutum nawa ka san sunansu?"

Ransa ya ɓaci, amma da ya lissafa, uku kawai ya sani. Ya sauka wajen injin, ya tambayi mai zuba shinkafa sunansa da abin da ya faru.

"Iorwuese, Oga. Bel ɗin da ke juya injin ne ya kusa tsinkewa. Da Baba bai kashe ba, da hannuna ya tafi."

Nababa ya koma ofis ya yaga takardar, ya rubuta mata: "Malamata, me kuma ban sani ba?"

"Da yawa," ta amsa. "Yabo a fili, gyara a ɗaki. Fara da wannan."

Haka takardu suka riƙa kai da komo cikin fayil, tun ana zancen aiki har aka daina. Wata Alhamis ya tsaya bakin teburinta.

"Sabuwa, hasken idona, ina ne gidanku? Ina so in turo manya."

Ta sunkuyar da kai. "Ka san mai gidan. Malam Kalilu mahaifina ne."

Duk da haka ya tura manya.

Kawunsa ya je, ya dawo ba labari mai daɗi. Dattijon ya ce wanda ke hukunci kafin ya ji ba'asi ba zai riƙe masa 'ya ba.

"Ai na yaga takardar!" Nababa ya ce wa Sabuwa.

"A ofis ka yaga, kai kaɗai," ta ce idonta cike da hawaye. "Tsawar kuwa kowa ya ji ta."

Ranar Litinin da safe ya tara ma'aikata.

"Baba Kalilu, na yi maka tsawa a nan alhali ran mutum ka ceta. Na yi kuskure, ka yafe mini. Daga yau duk wanda ya ga hatsari ya kashe inji, ba sai ya jira ni ba."

Dattijon ya koma bakin aikinsa. Wata huɗu yana lura da Nababa, yana ganin yadda yake zagayawa kowace safiya yana kiran mutane da sunansu, yana sauraron ƙorafi har ƙarshe. Rannan ya tare shi a bakin sito.

"Manaja, da gaske kake son yarinyar nan, duk da yawan tambayarta?"

"Saboda shi ma nake sonta, Baba."

Malam Kalilu ya yi dariya. "To, ka ce wa kawunka ya dawo."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Lafiya, ma'aikata suka cika ƙofar gida. Da za a tafi da amarya, dattijon ya dafa kansu, ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. Sabuwa ta ce amin a ƙarƙashin mayafi, Nababa kuwa tasa har waje aka ji ta.